Gwaggo da Kwalbar Auta

Matar da ta yi wa Gwaggo wanka ta fito daga ɗaki tana tsane hannu da bakin zaninta, ta tsaya a tsakar gida kamar wadda ta manta hanyar ƙofa. Sai da mahaifiyata, Inna, ta tambaye ta ko an kammala, sannan ta matso ta rage murya.

"An kammala, Hajiya. Sai dai idon dama ya ƙi rufuwa. In na shafa ya rufu, ina ɗauke hannu sai ya ɗan buɗe, kamar mai leƙen wani abu."

Kafin a shigo da makara maganar ta zaga gidan. Wata tsohuwa daga bayan layi ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce ita dama ta sani. Wata ta ce tun da take shigowa gidan nan ba ta taɓa yarda ta sha ruwan firjin marigayiya ba. Da maganar ta kai kunnen mahaifina, Baba, ƙanin Gwaggo da suke ciki ɗaya, sai ya yi dariya hawaye na bin gemunsa.

"Ku ƙyale ta," in ji shi. "Yaya ce. Ba za ta yarda a naɗe ta a likkafanin da ba ta duba ba."

Bayan azahar aka kai ta maƙabartar Tarauni.

Zaman makoki ya kawo mana baƙin da ba mu san su ba. Adaidaita sahu na tsayawa a bakin layi, samari da 'yan mata na sauka, wasu da farar rigar aiki a naɗe a hammata, su durƙusa gaban Baba su ce, "Ya haƙuri, Baba? Mu ɗalibanta ne." Baba ya rasa yadda aka yi matar da ba ta taɓa riƙe alli a aji ba ta tara ɗalibai haka. Wani magidanci mai furfura, malamin jami'a, ya zauna a ƙarshen tabarma yana kuka har maza suka fara kawar da kai. Da ya samu kansa ya ce wa Baba, "Alhaji, matar nan ta taɓa rushe min aikin da na yi shekaru ina ginawa. Na yi fushi har na daina bin layin nan. Yau kuwa ji nake kamar uwata na binne."

A cikin gida mata sun cika ko'ina har bakin rijiya, amma an bar fili a ƙofar ƙaramin ɗakinta. An ɗauke wuta a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi gaba ɗaya, fanka ta tsaya, kowa na fifita, firjin da ke cikin ɗakin kuwa yana ta gurnaninsa a hankali. Kowa ya san sola ce ke riƙe da shi. Duk da haka, da zarar an yi shiru tsakanin addu'a da addu'a, sai ka ga idanu sun koma wajen ƙofar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. In aka bar wa unguwa, za a riƙa tuna Gwaggo a matsayin tsohuwar da ke ajiye abin tsoro a cikin kwalabe. Ni na zauna a hannunta, na ci tuwonta mai ƙauri, na kuma ga abin da ke cikin kwalaben.

Na koma wurinta ne lokacin da na shiga makarantar koyon aikin jinya, saboda gidanta ya fi namu kusa da asibitin koyarwa. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. A lokacin ba ta daɗe da dawowa daga Turai ba, inda ta yi karatun sinadarai har ta zama dakta, ta yi aiki har ta yi furfura. Mijinta ɗan baffansu ne, a can ya rasu. Ta dawo da akwatuna, ba ɗa ba jika.

Wata rana na tambaye ta wane irin magani take haɗawa a can. Tana kan sallaya, ta idar ke nan.

"Ni ba na haɗawa, Uwata. Ni ce wadda ake kawo wa bayan an haɗa, in ce a'a."

Ta ce a cikin jikin mutum kowace ƙwayar halitta tana da umarninta a rubuce, da haruffa huɗu kacal. Daga wannan rubutun ake kwafo saƙo a aika inda ake aiki. Wata cutar, saƙon ne yake fitowa a karkace. Sai masana suka gano za a iya ƙera ɗan gajeren zare, haruffa kamar ashirin, wanda ya dace da saƙon kamar tukunya da murfinta. Ya je ya manne masa, ko ya toshe masa baki, ko ya gyara yadda ake karanta shi. Ɗalibanta na kiransa oligo, ita kuwa zare take cewa.

Sai ta miƙo min carbinta.

"Inji ne yake zura haruffan, ɗaya bayan ɗaya, kamar 'ya'yan carbin nan. Amma inji yana tsallake. In na zare ɗa guda daga tsakiya na mayar miki, za ki gane?"

"Sai dai in na ƙirga."

"To aikina ke nan. A kowace kwalba akwai na gaske, akwai kuma guntaye da suka rasa harafi. Launinsu ɗaya, kamarsu ɗaya, tare suke tafiya. Ni 'yan rakiya nake ce musu. Wani ba ya komai. Wani kuwa sai ya je ya manne wa saƙon da ba a aike shi ba, ya toshe bakin abin da jiki ke buƙata. Ban da gishiri, ban da ragowar sinadari, ban da dafin ƙwayoyin cuta."

Wannan aikin ya bi ta har cikin kicin. Duk abin da za ta sha sai ta ɗaga shi sama wajen haske, ta runtse idon hagu, ta duba da na dama. Shayi, ruwan leda, har zoɓon da ta dafa da hannunta. Ban taɓa jin ta ce abu mai tsabta ne ba, iyakarta ta ce, "Ban ga komai ba tukuna." In ɗalibi ya nuna mata takardar shaidar kamfani mai tambari, sai ta ture ta gefe da ɗan yatsa ta ce, "Takarda ba ta shiga jijiya." Shekarun da ta yi tana shaƙar farar wuta da wani sinadari mai zarni sun kashe mata hanci. Tuwo zai kama har maƙwabta su yi sallama, ita tana zaune a gefen murhu tana karatu. Wani lokaci sai in ji ta ƙwala kira, "Uwata, zo ki ara min hancinki!"

Ɗaliban da ke bincike a jami'a da asibiti sukan yi odar zaren daga waje, ya iso a 'yan mitsi-mitsin kwalabe da in ka duba sai ka rantse babu komai a ciki. A firjinta suke ajiyewa, don shi ne ba ya mutuwa. Kafin su taɓa, sai ta duba musu. Ran da ta fara shigar da ni ɗakin da tsakar rana ne, rana na dukan kwano. Ta rufe taga da baƙin ƙyalle, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ta ɗora wani abu mai santsi kamar daskararren koko a kan farantin gwaji, ta miƙo min tabarau, ta kunna wata 'yar fitila. Nan take farantin ya kama wani irin koren haske, wanda ya hau fuskarta har na kasa gane ta. A cikin hasken sai ga inuwoyi baƙaƙe sun fito a jere, babba a sama, ƙanana a ƙarƙashinta, suna dusashewa kamar matakalar da ke gangarawa cikin rijiya.

"Ga mai gida," ta ce a hankali, tana nuna ta saman. "Ga 'yan rakiya. Suna nan tun ɗazu, ba ki dai da fitilar ganinsu ne."

Wannan koren hasken ne wani ya hango ta hudar ƙyalle, labari ya bazu a unguwa.

Malamin jami'ar da ya yi kuka a tabarma, a ɗakin nan aka yi masa abin da ya faɗa. Ya zo da murna, zarensa yana kashe ƙwayoyin ciwon daji a farantin gwaji. Gwaggo ta taya shi murna, sannan ta tambaye shi ko ya gwada da zaren da aka hargitsa haruffansa, wanda bai kamata ya yi komai ba. Bai gwada ba. Da ya gwada, shi ma hargitsattsen ya kashe su. Ta sa aka tace duka biyun, sai ga shi babu mai kashe komai. Ashe datti ne ke aikin tun farko. Ya tsaya a tsakar gidan nan ya ce mata baƙin ciki take yi da ci gaban yara. Ta bar shi ya gama, ta zuba masa zoɓo, ya tafi bai sha ba. Sai da ya sake aikin daga tushe, shekaru bayan nan, ya dawo ya durƙusa.

Amma ba shi ne ya zauna mata a rai ba.

Bango ɗaya ya raba mu da wasu mutanen Filato da ke haya. Maigidan malamin lissafi ne a sakandare, kowa Malam yake ce masa, matarsa kuma tana ɗinki a shago wajen kasuwar Tarauni. Da Kirsimeti su aiko mana da shinkafa da cincin, da Sallah mu aika musu da nama. Yaransu sun tasa, sai Allah ya ba su 'yar ƙarshe, Auta.

Wata la'asar ta bazara muna zaune a inuwa, Gwaggo na yanka kuɓewa, sai kukan jaririyar ya tsallako bango. Siriri ne, ba ƙarfi, kamar na ɗan kyanwa, yana yankewa a tsakiya kamar numfashi bai kai ba. Na sha jinsa ban kula ba. Wuƙar Gwaggo ta tsaya cak.

"Na san wannan kukan," ta ce.

A ranar ne, sau ɗaya tak, ta gaya min ta taɓa haihuwa a Turai. Namiji ne. Haka yake kuka. Bai taɓa ɗaga kai ba, bai kai yaye ba. Da labari ya iso gida dangi suka ce iska ce. A lokacin babu magani ko a can, kuma shi ya sa ta bar wani aikin ta koma na zare.

Ta tashi ko takalmi ba ta sa daidai ba, na bi ta gidan Malam. Ta karɓi Auta daga hannun uwarta. Yarinyar ta narke a hannunta kamar jiƙaƙƙen zani, ƙafafu a baje, ciki ne kawai ke hawa da sauka. Amma idanun! Manya, masu haske, suna bin fuskar Gwaggo, har da ɗan murmushi. Gwaggo ta ce su je asibiti a yi gwajin kaza, ta rubuta musu sunan. Sakamako ya fito yadda ta ji tsoro. Cuta ce ta gado da ke cinye jijiyoyin motsa jiki, ta bar hankali garau. Akwai maganinta yanzu, kuma irin zaren nan ne da Gwaggo ta ƙare rayuwarta tana dubawa, ana yin allurarsa a ruwan ƙashin baya. Sai dai yana can inda hannun malamin sakandare ba ya kaiwa. Gwaggo ta kira duk wanda ta sani a Turai, an yi ta ba ta haƙuri cikin ladabi.

Sai ta koma ga abin da za ta iya. Ta samo injin zuƙe majina, ta koya wa Maman Auta yadda ake kwantar da yarinyar da yadda ake bubbuga mata ƙirji. Da ta ga wuta ba ta zama, ta kira mai gyara ya ja waya daga solarta, ya tsallakar da ita ta saman bango har ɗakinsu.

Wata Asabar da safe Malam ya yi sallama, fuskarsa kamar an yi masa albishir da gidan Aljanna. Yana rungume da 'yar kula cike da ƙanƙara, matarsa na biye.

"Hajiya, Allah ya amsa! An samu maganin. Ki taimaka ki ajiye mana a firjinki kafin Litinin, akwai wanda zai yi mata allurar."

Wani mutum ne da aka haɗa su ta waya ya kawo. Abin da suka rabu da shi kafin kwalbar ta shigo hannunsu, ban taɓa tambaya ba, amma tun daga ranar ban sake ganin keken ɗinkin Maman Auta ba. Gwaggo ta ɗaga kwalbar wajen haske. A jikin takardar da aka manna akwai wurin da aka kankare da reza.

"Malam, ka ba ni izini in ɗebi kaɗan in duba."

"Ai ga takardarta, Hajiya, har da tambari."

Na jira in ji karin maganarta na takarda da jijiya, amma ba ta faɗa ba. Maman Auta ce ta taɓa hannun mijinta ta ce, "Bari ta duba mana."

Gwaggo ta yini a ɗakin gwajin wani tsohon ɗalibinta, inda akwai injin da ba ta da shi. Washegari bayan sun dawo daga coci ta kira su ƙaramin ɗakin, ta rufe taga, ta kunna fitila. Mu huɗu muka tsaya a cikin koren hasken. Ban taɓa ganin faranti irin wannan ba. Inuwoyi ne tun daga sama har ƙasa, sun cakuɗe kamar an ja gawayi a bango, ta saman kuwa da kyar ake ganinta.

"Wannan ba a tace shi ba," in ji Gwaggo. "Irin wanda ake sayar wa masu gwaji a faranti ne, shi ne suka kankare. Amma ba shi ne babban abin ba."

Ta ɗauko wata 'yar kwalbar gilashi mai ruwa garai-garai, ta kifa ta. Ruwan bai zubo ba. Ya tsaya a sama a daskare.

"Wannan gwajin dafin ƙwayoyin cuta ne. Da babu dafi, da ya zube a hannuna. In aka sa wannan a bayan Auta, zazzaɓi zai rufe ta, ta kama jijjiga. Ba na jin za ta kwana."

Malam ya daɗe yana kallon farantin. Mutum ne mai lissafi, ya fahimci komai, na gani a fuskarsa. Amma sai ya nuna inuwar saman da yatsa.

"Wannan fa? Ba maganin ba ne?"

Da ta ce a'a da an wuce wurin. Amma Gwaggo ba ta iya ƙarya a kan abin da ta auna ba.

"Tsayinsa ya yi daidai da na maganin. Ko haruffansa daidai ne, ba zan iya rantsuwa ba."

"To akwai shi ke nan. Ba ni kwalbata."

"In na ba ka me za ka yi da ita?"

"Hajiya, 'yata ce. Kullum ina kallonta tana tafiya. Ko guba ce gara mu gwada, da mu zauna mu naɗe hannu."

Gwaggo ta buɗe firji ta ɗauko kwalbar. Na ɗauka miƙa masa za ta yi. Sai ta ɓalle murfin, ta tuntsurar da ita cikin robar bilic da take wanke kayan aiki. Abin bai ɗauki ƙiftawar ido ba. Maman Auta ta dafe bango. Sai ga siririn kukan ya ratso daga gidansu.

Malam bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ba ki da ɗa, Hajiya. Shi ya sa hannunki bai yi rawa ba."

Na buɗe baki, Gwaggo ta kalle ni na rufe. Bayan sun fita ta zauna a ƙasa, a nan cikin duhu, sai a lokacin hannun ya fara rawa. Ya yi ta yi har na riƙe shi.

Da Baba ya ji, ya zo da kansa. Shi da ba ya haɗa ido da ita, ranar sai da ya yi.

"Yaya, ba haƙƙinki ba ne. Naki ki faɗa masa gaskiya, zaɓi nasa ne. Kin karɓi amana kin zubar."

"Na sani."

"To me za ki ce ranar da aka tambaye ki?"

"Zan ce na zubar. Na gwammace a tambaye ni wannan da a tambaye ni wancan."

Baba ya kaɗa riga ya tafi, ya yi wata bai leƙo ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce yanzu, na san abin da allurar za ta yi. Amma har yau in na tuna fuskar Malam a cikin koren hasken nan, ba na iya cewa Baba bai da gaskiya.

Gwaggo ta kai hotunan gwajin wurin hukuma. Mutumin da ya sayar ya kashe waya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Malam ya daina gaishe ta, in sun haɗu a layi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Amma bai tsinke wayar da ke saman bango ba, ita ma ba ta cire ba. Injin ya ci gaba da aiki da wutar Gwaggo har farkon damina, lokacin da ciwon ƙirji ya kama Auta. Da rana ta rasu, a hannun uwarta. Suka kai ta ƙauyensu, da suka dawo suka tashi zuwa unguwar Babban Giji. Mai gidan hayar ya ce zai yi gyara, ya kulle, ya manta.

Bayan nan ne Gwaggo ta fara tsayawa a tsakiyar magana. Wajen la'asar, tana cikin yi wa ɗalibi bayani ko tana tsintar shinkafa, sai ta karkata kai wajen bango.

"Kin ji?"

"Ban ji komai ba, Gwaggo."

Sai ta gyaɗa kai ta ci gaba. Na ce tsufa ne, na ce kunne ne, har na kai ta aka duba, aka ce lafiyarsa ƙalau.

Sau ɗaya na ji. Ranar Juma'a ce, maza duk sun tafi masallaci, layi ya yi tsit, ko ƙarar adaidaita babu. Ina shanya a tsakar gida, rana tsaka, sai ga shi. Siriri, da yankewar nan a tsakiya inda numfashi ke gazawa. Na ce kyanwa ce. Na jawo turmi na taka, na leƙa ta saman bango. Ciyawa ta cinye tsakar gidan, ƙofofi a kulle da kwaɗo, bakin wayar nan yana lilo ba iska. Na duba kowane lungu da ido, babu kyanwa, babu komai. Kukan kuma ya tsaya daidai lokacin da kaina ya wuce bangon, kamar yadda jariri ke yin shiru in ya ga fuska.

Na sauko na tarar da Gwaggo tsaye a ƙofar ɗaki tana kallona.

"Kada ki gaya wa babanki," ta ce kawai.

Ban gaya masa ba. Ta ci gaba da duba wa ɗalibai kwalabensu shekaru bayan haka, ta ƙara tsanani ma. Wanda duk ya zo da zare sai ta tambaye shi, "A faranti zai tsaya, ko wata rana zai shiga jikin ɗan wani?" Ba ta sake shan zoɓo da la'asar a tsakar gida ba.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da ita a ƙarshe, a ɗakin asibitin da nake aiki. Ana gobe za ta rasu, da yamma, na ga wata mata ta shigo da filas a hannu tana duba gadaje. Ta rame, ta yi furfura a goshi, sai da ta yi magana na gane Maman Auta ce. A kasuwa ta ji labari. Ta kawo kunun gyaɗa, ta jawo kujerar roba ta zauna dab da gadon.

"Sannu, Hajiya. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya yara? Ya Malam?"

"Shi ya kawo ni. Yana waje a gindin bishiya. Ya ce ba zai iya shigowa ba."

"Ya yi daidai," in ji Gwaggo. "Ki gaishe shi."

Ba su ta da tsohon zance ba. Maman Auta ta riƙe mata hannu. Ina gefe ina ɗaura mata abin awon jini, hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan zanin gado. Sai na ga Gwaggo ta ɗago kai, tana kallon wurin da ke tsakanin kujerar da ƙarshen gadon. Babu kowa a wurin. Fuskarta ta saki, irin sakin da ban taɓa gani ba tun da na san ta.

"Maman Auta, ɗan matsa. Kin matse ta."

"Wa, Hajiya?"

"Auta mana. Ji yadda ta zauna da kanta. Babu mai riƙe da ita."

Abin awon ya suɓuce daga hannuna. Maman Auta ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati irin nasu ba. Ta juya ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta miƙe a hankali, ta ja kujerarta baya har ta taɓa bango, ta koma ta zauna a bakin-bakinta. Da ta yi magana, da kyar na ji muryar.

"Hajiya, wuyan fa? Ya tsaya?"

Gwaggo ta duba da kyau, ba ta yi gaggawa ba.

"Ya tsaya," ta ce. "Cak."

Maman Auta ta sa fuska a tafin hannu. Da ta tashi tafiya na raka ta har baranda, ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Bari in je in gaya wa Malam. In Hajiya ce ta faɗa, zai yarda."

Da hantsi Gwaggo ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Ya Allah, kai ne ka san abin da ta zubar da abin da ta tsare. Ka yi mata hisabi mai sauƙi, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da ɗanta. Mu da muka rage, ka ba mu haƙurin rashinta, ka kyautata namu zuwan.